Hali A Bakin Iyakar Gona

A ƙasar Dambatta, inda aka haife ni, inda kuma na yi aikin koyarwa har na ajiye alli, ba a ba da 'ya sai an yi bincike. Za a tashi dattijo ɗaya ko biyu su je garin yaron kamar masu wata sabga, su zauna a teburin mai shayi ko a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, su saki kunne. Abu uku suke nema: asali, sana'a da hali. Sana'a ido ke ganinta. Asali kowa ya san shi. Hali kuwa sai an bi ta bayan gida. In ya ci bashi yana biya? Ya taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya? Uban nasa yaya ya riƙe uwarsa? Kakansa fa, wane irin mutum ne?

Wannan tambaya ta kaka tana nuna cewa mutanenmu sun yarda hali yana bin jini. Amma dattawan nan in sun dawo, sai ka ji sun ce: "Gidan mutunci ne, sai dai yaron ba a gaban ubansa ya tashi ba, a ƙara dubawa." Ashe sun kuma yarda cewa hannun da ya reni mutum yana da nasa rabon. Ra'ayi biyu ke nan a baki ɗaya, kuma su ne dai ra'ayoyin da masana suka daɗe suna jayayya a kai daga Bagadaza har Amurka. Ni abin da zama a ƙauye ya nuna mini shi ne, akwai na uku da ba a cika lissafawa ba: faɗin gonar mutum, da abin da ke cikin rumbunsa, da yawan idanun da ke kansa.

Abin da duk muka yi tarayya a kai

Kafin a zo ga halin wane da wane, akwai halin ɗan Adam gaba ɗaya. Ba'amurke da Bahaushe da Basine duk suna jin yunwa da tsoro, suna fifita ɗan da suka haifa, suna son a girmama su, suna jin zafin a cuce su a rabo, suna kuma iya tausayin wanda ba su sani ba. Jariri ba ya buƙatar a koya masa neman fuskar uwarsa. Yaro ɗan shekara huɗu ya san an ba wansa ƙosai uku shi an ba shi biyu, kuma zai kai ƙara.

Malamanmu na zaure suna kiran wannan tushe fiɗira, suna kafa hujja da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ke nuna cewa a kanta ake haihuwar kowane yaro, iyaye ne ke karkata shi daga baya. Suna kuma karantar da cewa rai hawa uku ne: mai yawan umarni da mugun aiki, wanda aka ambata a Suratu Yusuf; mai zargin kansa, a Suratul Ƙiyama; da natsattse, a Suratul Fajri. Darasin da ke ciki shi ne, mutum ɗaya yana ɗauke da son kai da tausayi a lokaci guda. Tambayar ita ce wanne za a ciyar har ya rinjayi ɗayan.

Wani Bature mai suna Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa a jami'ar Oxford, ya wallafa ɗan littafi a 1974 kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki. Ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duba su da kyau. Kusan babu wadda mutum zai nuna shi kaɗai a ɗaki. Amana sai an ba ka ajiya, karamci sai ka yi baƙo, kunya sai da wanda ake jin kunyarsa. A wurinmu, a tsakanin mutane ake auna hali.

Rabon jini

Duk malamin firamare da ya daɗe a gari ɗaya ya koyar da 'yan ɗaki ɗaya bi da bi. Uwa ɗaya, uba ɗaya, tuwo ɗaya, bulala ɗaya, amma babban ba ya iya zama wuri guda, mai bi masa kuwa sai ka manta yana cikin aji. Uwayen sun riga mu sani. Sau da yawa uwa ta ce da ni: "Malam, wannan tun yana goye haka yake."

Masana sun auna wannan ta hanyar tagwaye. A 1979 Thomas Bouchard na jami'ar Minnesota a Amurka ya fara tattara tagwaye masu kama ɗaya waɗanda aka raba tun suna jarirai, kowa ya tashi a wani gida dabam. Ya tarar da kamanni masu yawa a ɗabi'unsu duk da ba su san juna ba. A 2015 kuma wasu masana suka haɗa bincike 2,748 da aka yi kan tagwaye cikin shekara 50, suka ga cewa a matsakaicin lissafi, kashi 49 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane yana komawa ga ƙwayoyin gado. Sauran na muhalli ne da abin da ya sami mutum a rayuwa.

Sai dai a yi hattara da wannan lissafi. Yawancin binciken a Turai da Amurka da Ostareliya aka yi shi, inda yara ba su cika kwana da yunwa ba. Sannan abin da ake gada shi ne irin su saurin fushi, sanyin jiki, tsoro, son shiga jama'a. Ba a gadon sata, ba a gadon cin amana. Mai zafin zuciya yana iya zama ɗan daba, yana kuma iya zama wanda ba a zaluntar maraya a gabansa. Shi ya sa nake ganin zalunci ne a hana yaro mata don kakansa ya yi abin kunya, ko don gidansu mahauta ne ko wanzamai. Ɗan maƙeri ya iya ƙira ne don tun yana ƙarami yake zuga a gaban ubansa, ba don an haife shi da guduma a hannu ba.

Yadda ƙasa ta tarbiyyantar da mu

Wanda ya bi hanya daga Kano zuwa Dambatta, ko ta Bichi zuwa Tsanyawa, ko ta Gezawa da Minjibir, zai lura da abu guda: babu daji. Gona tana ƙarewa wata tana farawa. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan a jami'ar Bayero, ya auna gonakin ƙasar Ungogo tun a shekarun 1960, ya ga fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana noma ta kowace shekara ba hutu. Masana da yawa sun ɗauka irin wannan ƙasa za ta mutu. Da shi da abokan aikinsa suka ci gaba da bibiya, har da aikin da suka yi a Tumbau cikin shekarun 1990, sai suka ga ƙasar tana nan tana ciyar da mutanenta, itatuwan gona ma ba su ƙare ba.

Dalilin yana cikin ɗabi'un da mu ba ma ɗaukarsu komai. Da damina ba mai sakin akuya. A turke take, a yi mata ciyawa, kashinta ya taru. Da rani a kwashe takin da tokar murhu da sharar tsakar gida, a kai gona a mangala bisa jaki, yanzu har da amalanke da a-kori-kura. A da jakuna kan shiga birni da itace su fito da taki. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya ake shuka su. Harawa a ɗora ta kan rufin ɗaki ko a reshen itace, kara a yi danga da shi. Gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya kowanne da mai shi, kuma yaron da ya sari reshe ba izini zai yi bayani a gaban manya.

Yaron da ya tashi a nan ya sha tattali tun kafin ya san sunansa. Zage-zagi, abokan wasanmu, suna tsokanar Bakano da son kuɗi da lissafi. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ba daga jini abin ya fito ba. Gonar da ba ta kai ka shekara dole ta tura ka wata sana'a da rani: saƙa a Minjibir, koli, fatauci, dillancin dabbobi a kasuwar Dambatta ranar Lahadi, dako ko awo a Dawanau. Wanda kakanninsa suka yi ɗaruruwan shekaru suna haɗa noma da ciniki, ba mamaki ya iya lissafi.

Ba mu kaɗai noma ya yi wa haka ba. A 2014 Thomas Talhelm da abokansa suka gwada ɗalibai 1,162 a ƙasar Sin. Waɗanda suka fito daga yankunan shinkafa, inda tilas ne a haɗa kai wajen raba ruwa da yin aiki, sun fi karkata ga jama'a da dangi. Na yankunan alkama, inda iyali ke iya noma su kaɗai da ruwan sama, sun fi tsayawa da ƙafarsu. Ɗaliban ba manoma ba ne, amma gonar kakanni tana nan a tunaninsu.

Masu cewa manomi ba ya canza hali kuwa su tuna gyaɗa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai za a noma musu. Manoma suka auna farashi, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga ta ana ci, ga harawa, suka rungume ta tun daga 1912, har aka tara dalar gyaɗa. Da farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya ta, sai suka ƙara wake, daga baya riɗi da waken suya. Ba wanda ya yi musu wa'azi. Hali ya bi hanyar da abinci yake.

Taku ɗaya a shekara

Inda ƙasa ta yi ƙaranci, a bakin iyaka ake sanin mutum. Tun da na yi ritaya mai unguwarmu yakan kira ni zaman sulhu, kuma mafi yawan ƙararrakin farkon damina na iyaka ne. Akwai wasu 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, da aka raba musu gonar gado aka dasa gamba a tsakani. Kowace shekara in an zo huɗa, sai garmar babban ta ɗan ci gefen ƙanen. Taku ɗaya bana, taku ɗaya baɗi, har tushen gamba ya koma cikin gonarsa.

Ƙanen ya ce: "Ranka ya daɗe, ni ba zan iya haɗa ido da Yaya a kan ƙasa ba. Amma ga Baffa nan, shi ya dasa gambar."

Baffan nasu ya nuna inda ya dasa. Babban ya sunkuyar da kai, can ya ce: "Ranka ya daɗe, bakin da nake ciyarwa ya fi ƙarfin gonar."

A gefe ana ta raɗa cewa halinsa ne, haka kakansu na wajen uwa yake. Amma kakan nan ai na su biyun ne. Bambancin da na gani shi ne, ƙanen yana da rumfa a kasuwa, babban kuwa ba shi da komai sai wannan 'yar gona da tarin 'ya'ya. Mai unguwa ya sa aka mayar da iyaka inda take, aka dasa aguwa a jere don kada a sake, aka kuma sa babban ya nemi afuwa a gaban mutane. Bayan an watse Baffa ya ja ƙanen gefe, ya sa ya ba wansa aron wani yanki. Ban sake jin kansu ba.

Kada a ce na wanke kowa. A wannan unguwa akwai mai gonaki da shanun huɗa wanda ya cinye burtali har shanu suka rasa hanyar mashaya, kuma babu yunwar da ta sa shi. Akwai kuma gwauruwar da ba ta da ko dami goma, amma in kazar maƙwabta ta yi ƙwai a ɗakinta sai ta aika da shi. Matsi yana bayyana abu da yawa, bai bayyana komai da komai ba.

Mutumin Agusta da mutumin kaka

Kowa a ƙauye ya san mutum biyu ne ke zaune cikin riga ɗaya. Na watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, zazzaɓi ya kwantar da yara, ga bashin taki: gajeren haƙuri ne da shi, faɗa da matarsa ba wuya, yana iya sayar da akuyar da bai kamata ya sayar ba. Na kaka kuwa shi ne mai fara'a, mai fitar da zakka dami ɗaya cikin goma, mai aika wa surukai sabon gero.

A 2013 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi kan manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. An yi musu gwajin tunani kafin girbi, suna cikin bashi, aka sake yi musu bayan sun karɓi kuɗi. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi ƙoƙari sosai bayan girbi. Masu binciken suka ce damuwar rashi tana cinye wani ɓangare na hankalin mutum, ta bar masa kaɗan na sauran al'amura. Duk wanda ya taɓa kwana yana lissafin kwanon masara ya san haka.

Tsofaffi sun ba mu labarin yunwar Kakalaba ta 1914 da 'Yar Buhu ta 1927, mu kuma mun ga ta 1973 da ta 1984. A irin waɗannan shekaru an ga wanda ya gudu ya bar iyali, an ga wanda ya ɓoye hatsi yana jiran tsada, an kuma ga wanda ya buɗe rumbu ya ce unguwa ta ɗiba. Yunwa ba ta ƙirƙiro rowa ko karamci ba, amma ta tsananta kowanne.

Wani abin ma tun kafin yaro ya yi wayo yake shiga jiki. Likitoci suna nanata kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, domin a nan ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Tamowa a wannan lokaci tana iya barin tabo a fahimta. A Zamfara a 2010, gubar dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400, kuma an san wannan guba tana taɓa fahimta da natsuwar waɗanda suka rayu. Yaron da ake kira daƙiƙi ko mai taurin kai a aji, wani lokaci tarihin cikinsa ne yake biya.

Idanun da suka ragu

Babbar makarantar hali a ƙasarmu ita ce idon mutane. Gida a jikin gida, gona a jikin gona, ba inda za ka yi abu a ɓoye. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, suruki yana tuɓe takalmi tun daga nesa, kowane babba yana da ikon tsawata wa kowane yaro. Ciyayya tana zagaya gidaje da yamma, biki yana zagaya mata, gayya tana zagaya gonaki. Wanda ya ƙi zuwa gayyar wani ya san ranar tasa shi kaɗai zai yi.

A da, gandu shi ne ginshiƙin. Ɗa yana yi wa uba aiki daga safe zuwa azahar, da yamma ya tafi gayaunarsa. Uba kuma yana ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa aure. Ladabin da muke yabo yana da wannan yarjejeniya a ƙarƙashinsa. Yau fa? Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji a 1979. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta ga 'ya'ya, an sake raba ta ga jikoki. Uban da ba shi da gayaunar da zai ba ɗansa, ba shi da kuɗin aurensa, da me zai riƙe shi?

Sai yaro ya tafi cirani Legas ko Abuja ko Fatakwal, yana acaba ko turin baro ko gadi, yana kwana cikin waɗanda ba su san sunan ubansa ba. Wasu suna dawowa da jari da sabuwar dabara, su gina wa iyaye ɗaki. Wasu suna dawowa da shaye-shaye; abin ya kai gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. In an ga haka sai a ce yaran zamani sun lalace. Jininsu dai na iyayensu ne. Abin da ya canza shi ne igiyoyin da suka riƙe iyayen: gona, aiki tare da uba, da idon da ake jin nauyi. Ga kuma waya a hannu, wadda ke kawo masa wasu mutanen da zai yi koyi da su, waɗanda mai unguwa bai san da su ba.

Shin hali yana gyaruwa?

Bahaushe ya ce hali zanen dutse, ya kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna wannan a Ihya'u Ulumiddin. Hujjarsa ita ce, da ɗabi'a ba ta canzawa da wa'azi da horo sun zama aikin banza, alhali ko doki da shaho ana horar da su. Bai ce a tumɓuke fushi ko sha'awa ba, domin da su aka halicci mutum. Cewa ya yi a daidaita su ta hanyar maimaita aikin kirki har ya zama jiki. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, shi ma ya tafi a kan cewa abin da mutum ya saba da shi ya fi ƙarfi a kansa bisa ga ɗabi'ar da aka haife shi da ita.

Binciken zamani ya ƙara da maganar lokaci. A birnin Bucharest na Romaniya, daga shekarar 2000, an bibiyi yara 136 da ke gidajen marayu, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi waɗanda aka bari a fahimta da shaƙuwa da mutane, kuma waɗanda suka samu gida kafin shekara biyu sun fi amfana. Gyara yana yiwuwa a kowane lokaci, amma da wuri ya fi araha.

Sanin dalilin laifi ba ya goge laifi. Wanda ya ci iyaka sai ya mayar, wanda ya ci amana sai ya biya, domin hukuncin jama'a shi ma yana cikin abin da ke gina hali. Ranar da aka daina jin kunyar cin burtali, kowa zai ci. Abin da nake ƙi shi ne a tsaya a nan. In aka kawo mini ƙarar matashi, kafin in yarda cewa halinsa ne, nakan tambayi me yake ci, wane aiki yake yi daga kaka zuwa bazara, kuma wane babba ne yake jin nauyinsa. Sau da yawa amsa ɗaya daga cikin ukun nan babu ce.

Ƙauyukan da ke kusa da madatsun ruwa irin su Thomas a ƙasar Dambatta da Watari a Bagwai suna da abin da sauran ba su da shi: matashi yana iya noman tumatir da albasa da rani a gefen ubansa, ya samu kuɗinsa ba tare da ya bar gida ba. Irin wannan aiki, da abincin mai ciki da mai goyo, da makarantar da malami ke zuwa kullum, da bashin taki marar ruwa a farkon damina, duk tarbiyya ce, ko da ba a kiransu haka a mumbari. Garin da ke son mutanen kirki dole ya yi wa'azi, dole ya hukunta mai laifi, dole kuma ya tanadi yanayin da kirki ba zai fi ƙarfin talaka ba.